Yoyon Wuta a Siton Angurya

Har yau ban manta da ranar da Alhaji Sule ya sa hannu a takardar da za ta raba ƙauyuka masu yawa da irin shukarsu ba. Dalilinsa kuwa ɗaya ne tak: allurar wata na'ura da ni nake kula da ita ta kwanta a kan ja. Farkon damina ne, wajen shekara biyar da samun 'yancin kai. Ina ba ku labarin ne ku da kuke shigowa aikin yanzu, domin na ga makunnan da kuke liƙawa a kan allon na'ura ba su fi ƙwayar dawa ba, har wasunku na zaton wahalar da muka sha da manyan makunnai na da ta wuce. Ba ta wuce ba, tana nan inda muka bar ta.

A lokacin ina da shekara ashirin da huɗu. Na fito daga makarantar koyon sana'a, aka ɗauke ni a matsayin mai gyaran na'urori mai daraja ta uku, wato matakin da kowa ke farawa da shi. Aka turo ni Funtua, wani babban sito da ake ajiye irin auduga. Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Bayan kaka manoma sukan kai auduga kasuwa, daga nan a kwashe ta zuwa injin gurza, a raba zaren da ƙwayar. Ƙwayar ita ce angurya. Wadda aka zaɓa don iri sai a ɗura a buhuna a jibge a sito, a jira ruwa ya sauka. Da zarar ƙasa ta jiƙa sai a raba wa manoma ta hannun dagatai da masu unguwanni, daga Maska da Danja har can wajen Kafur da Malumfashi. Idan angurya ta sha danshi a ajiye, takan yi zafi daga ciki, ta yi fumfuna, in ka shuka ta ba za ta fito ba.

Sitonmu yana da tari goma sha biyu, kowane tari ya kai tsayin mutum biyu. Ba yadda za a yi a riƙa sauke buhuna kullum don a duba na tsakiya, shi ya sa aka kawo na'urar awon danshi. A cikin kowane tari an soka wasu tsinkunan ƙarfe guda biyu, an jawo wayoyinsu zuwa wani akwati da ke kan tebur a ɗan ofishina. Batir yakan tura wuta 'yar ƙanƙanuwa ta bi ta cikin anguryar daga wannan tsinke zuwa wancan. Busasshiyar angurya ba ta barin wuta ta wuce sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mai danshi kuwa takan ba ta hanya. Wata kwalba irin ta cikin rediyo ita ke ƙara wa wannan 'yar wuta ƙarfi har ta iya motsa allura. Fuskar allurar kashi uku ce: kore, rawaya, ja.

Da yake akwatin ɗaya ne tari kuwa goma sha biyu, sai aka yi masa makunni mai juyawa. Ka murɗa zuwa lamba ɗaya, ya haɗa ka da tari na ɗaya, ya raba ka da sauran sha ɗayan. Ka murɗa zuwa biyu, haka nan. Duk aikinsa ke nan: ya buɗe hanya ɗaya, ya rufe sauran ruf. Ku riƙe wannan kalma ta ruf, don a kanta labarin yake.

Kowace safiya nakan murɗa makunnin daga ɗaya zuwa sha biyu, in rubuta inda allura ta tsaya, in kai wa Alhaji Sule. Shi ne babban malamin gona mai kula da siton, dattijo mai tsantseni, wanda ya fara aiki tun ina goye. Ba ya faɗa, ba ya kuma maimaita magana. Ƙa'idar da aka ba shi daga sama ita ce, duk tarin da allura ta nuna ja kwana uku a jere, an soke shi daga zama iri, a kai shi injin matsar mai.

Duk tsawon rani allura tana kore. Da aka yi ruwan farko ta ɗan matsa. Bayan ruwa na biyu ta shiga rawaya. Aka kwana biyu ana yayyafi, gari ya yi lumshi, bangon ofishina har gumi yake yi. Ranar Asabar ta taɓa ja. Lahadi na zo na duba duk da ba ranar aiki ba ce, ja. Litinin ma ja, kuma ba tari ɗaya ba, duka goma sha biyun.

Ranar Talata da safe Alhaji Sule ya kira ni ofishinsa. Takardar tana gabansa, ya riga ya sa hannu.

Ya ce, "Malam Haruna, ka tabbata abin da ka rubuta shi ka gani?"

Na ce, "Shi na gani, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To shi ke nan. Jibi motoci za su zo su kwashe. Na nemi a aiko mana da wani irin, an ce sai nan da mako uku, in an samu."

Na san abin da mako uku ke nufi, shi ma ya sani. Audugar da aka shuka a makare ba ta cika yin abin kirki ba, ruwa yakan ɗauke tana cikin fure. Amma kuma in ya raba irin da ya lalace, manomi ya yi huɗa, ya shuka, ya jira kwana goma bai ga tsiro ba, wannan ya fi muni. Ban ga laifinsa ba. Na koma ofishina raina ba daɗi.

Da hantsi sai ga jakuna a ƙofar sito. Mutanen wata unguwar Maguzawa ne daga wajen Kafur, sun zo karɓar rabonsu, sun kwana a hanya. Jagoransu wani tsoho ne dogo, Sarkin Noma Jatau, yana saye da walki da 'yar shara, gatari a kafaɗa. Da aka gaya masa ba za a ba da iri ba don ya sha danshi, sai ya nemi izini a bar shi ya shiga ya gani da idonsa. Alhaji Sule ya ce a bar shi. Da yake ba a kai ga zuba wa anguryar maganin ƙwari ba, ba abin tsoro ko ya sa ta a baki. Tsohon ya zura hannu cikin wani buhu, ya ɗebo, ya shinshina, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya dantse. Muka ji ƙas. Ya matsa tari na gaba, ya sake. Ƙas. Sai da ya zagaya siton duka.

Ya dawo ya tsaya gaban Alhaji Sule ya ce, "Malam, wa ya ce maka irin nan ya jiƙe?"

Alhaji ya nuna ofishina ya ce, "Na'ura."

Sarkin Noma ya ce, "Ita na'urar ta taɓa shuka auduga?"

Leburori suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Alhaji bai yi ba. Ya ce, "Baba, na ji ka. Amma kai na bakin buhu ka taɓa, ita kuwa cikin tari take ji. Kuma ni ba zan rubuta wa na sama da ni cewa haƙorin Sarkin Noma ya ce iri lafiya lau ba."

Tsohon ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ɗan nan, kai ne mai ita?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To ka tambaye ta da kyau. Mu mun yi huɗa, ƙasa na jiranmu."

Maganarsa ta sa na tsaya na yi tunanin da ya kamata in yi tun ranar Asabar. Tarin nan goma sha biyu ba rana ɗaya aka jibge su ba, ba kuma daga wuri ɗaya suka fito ba. Wasu na jikin bango, wasu na tsakiyar ɗaki. Yaya za a yi duka su jiƙe rana ɗaya, kuma daidai wa daida? Idan mutum goma sha biyu suka ba ka labari iri ɗaya kalma da kalma, to mai yiwuwa daga bakin mutum ɗaya suka ji shi. Abu ɗaya da tarin duka suka haɗa shi ne akwatin da ke kan teburina.

Na roƙi Alhaji Sule ya zo ya tsaya a kaina. Sarkin Noma ma ya biyo shi, ya tsaya daga bakin ƙofa. Na ɗauki sukundireba na kwance wayoyin tarin duka daga bayan akwatin, ɗaya bayan ɗaya, na ajiye su gefe. Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu na'urar nan ba ta haɗe da ko ƙwayar angurya ɗaya. Ya kamata allura ta kwanta a farkon kore, ko motsi kada ta yi."

Na kunna. Muka jira kwalbar ta yi ɗumi. Allura ta tashi a hankali, ta wuce kore, ta je ta tsaya a ƙarshen rawaya.

Alhaji ya sunkuyo ya ce, "To me take aunawa?"

Na ce, "Kanta take aunawa."

Na buɗe murfin akwatin na nuna masa makunnin. Haƙoransa na tagulla suna jere a kan wani faranti mai ruwan ƙasa, wanda aka yi da takarda da ƙaro aka danne su suka daskare. Na kai bakina kusa na hura masa numfashi, irin yadda ake yi wa madubi in za a goge. Nan take allura ta zabura ta bugi ƙarshen ja. Da tururin ya bushe ta dawo rawaya.

Sarkin Noma ya ce, "Af! Ashe ita ce ke jin sanyi."

Na yi wa Alhaji bayani da abin da na san ya sani. Na ce, "Kamar lambun fadama ne. Ka toshe bakin kwami da laka, kana ganin ka rufe, amma ruwa na tsattsafowa ta ƙasa. Wutar da muke aunawa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Farantin nan ya sha danshi, wuta tana bin bayansa daga haƙorin batir zuwa haƙorin allura, ba ta ma zuwa wajen angurya. Wannan shi muke kira yoyon wuta. A fitila ko a injin niƙa, yoyo kamar wannan ba wanda zai kula da shi. A nan kuwa ya fi abin da muke nema yawa."

Ina cikin magana idona ya sauka kan wani abu. Tsakanin haƙoran nan biyu akwai wani ɗan tabo mai danƙo, ya yi kore-kore. Na gane shi. Da hunturu wata waya ta tsinke a wurin, na liƙe ta da dalma. Man liƙin da na yi amfani da shi irin na masu gyaran bokiti ne, don shi na samu a kasuwa, kuma da na gama ban wanke wurin ba. Da rani ya bushe, bai yi komai ba. Da damina ta zo sai ya tsotsi raɓa ya zama gada.

Ba wanda ya lura sai ni. Da na ce farantin ne kawai, da maganar ta wuce a haka. Amma na ga in na ɓoye, duk wanda ya zo bayana zai sake yin abin da na yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, rabin laifin na farantin ne, rabi nawa ne." Na nuna masa tabon, na gaya masa yadda aka yi.

Ya sunkuya ya duba tabon. Sa'an nan ya ce, "Wannan magana za mu yi ta daga baya. Za ka iya gyarawa?"

Na ce, "Zan iya."

Ya ce, "Ba cewa na yi ka sa allura ta koma kore ba. Wannan ko ni zan iya, in lanƙwasa ta da yatsa. Ina so ta faɗi gaskiya."

Na ce, "Na gane. A ba ni zuwa gobe da la'asar."

Ya ɗauki takardar da ya sa wa hannu ya sa a aljihun rigarsa, bai yaga ba, bai kuma aika ba. Ya sa aka ba mutanen Kafur rumfar da leburori ke hutawa, aka kawo wa jakunansu harawa.

Abu na farko da na yi, na je wajen disfensa na roƙo sifirit na wanke ciwo a 'yar kwalba. Auduga kuwa ba ma nemanta a wurinmu. Na kankare tabon, na wanke farantin gaba da baya har sau uku, ban bar yatsana ya taɓa shi ba, don maiƙon hannu ma hanya ce. Rana ta ɗan leƙo, na shanya shi a kan taga. Da na mayar na kunna, allura ta sauko tsakiyar kore. An samu sauƙi, amma ba ta kwanta ba. Danshin ya riga ya shiga cikin jikin takardar, kuma na san da an sake ruwa zai dawo. Sai an canja farantin gaba ɗaya da wanda ba ya shan ruwa, wato na tangaran.

Na zagaya masu gyaran rediyo na Funtua, babu. Ɗayansu ya ce in je Malumfashi in nemi Kofur Audu, tsohon soja ne da ya yi aikin rediyo a yaƙin Bama, yana da tarkacen kayan soja. Alhaji Sule ya ba ni aron babur ɗinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Na kama hanya bayan azahar, ga taɓo, sau biyu ina sauka ina turawa.

Na sami Kofur Audu a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa, gajere, mai furfura, da tabarau ɗaure da zare. Da na fara bayani bai bari na ƙarasa ba.

Ya ce, "Yoyo. A dajin can haka rediyonmu ke yi. Ruwa wata shida, takalminka ma fumfuna yake yi a ƙafarka. Sai ka ji rediyo na surutu shi kaɗai."

Ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin benci, ya tona, ya fito da makunni mai faranti fari fat, sumul kamar kofin shayi. Haƙoransa goma sha biyu cif. Na miƙa hannu zan karɓa, ya janye.

Ya ce, "Da wannan hannun? Kawo ƙyalle." Ya naɗe shi da kansa. Sa'an nan ya ce, "Ka san zoben tsaro?"

Na ce an koya mana a makaranta, na kuma rubuta a jarrabawa, amma ban taɓa yi da hannuna ba.

Ya ɗauki fensir ya zana a bayan kwalin sigari. Ya ce, "Komai kyan faranti, wata rana zai yi datti, wuta za ta bi. Ba za ka hana ta fita ba gaba ɗaya. To sai ka yi mata lambatu. Ka sami wayar tagulla tsirara, ka kewaye haƙorin allura da ita, kada ta taɓa shi. Ka kai bakinta jikin akwatin, inda ƙafar batir ta biyu take. Duk wutar da ta ɓalle ta biyo bayan faranti, zoben za ta fara tararwa, ya kwashe ta ya mai da ita gida. Allura ba za ta ma san an yi ba."

Na yi shekara biyu ina karanta wannan a littafi, amma a rumfar nan na fahimce shi. Na yi masa godiya, na kamo hanya, na iso Funtua ana kiran magariba.

Washegari tun da sassafe na fara. Na cire tsohon makunnin. Na liƙa sabon da dalma mai ƙaro a ciki, wadda aka yi don aikin rediyo, wadda Kofur ya gutsuro mini. Kowane liƙi na gama sai in wanke shi da sifirit. Wayar batir da wayar allura da can an ɗaure su tare kamar damin kara, na raba su, kowace ta bi gefenta. Wadda ke zuwa kwalba na gajarta ta, na bar ta a iska ba ta jingina da komai ba. Na yi zoben yadda aka zana mini. A ƙasan akwatin kuma na tarar da wata 'yar jaka ta tsakuwoyi masu shan danshi, waɗanda suka zo tare da na'urar. Asalinsu shuɗɗa ne, in sun ƙoshi da ruwa sai su koma ja-ja. Nawa sun daɗe da komawa, ban taɓa dubawa ba. Na kai wa mai shayin bakin sito, muka gasa su a murfin gwangwani har suka dawo shuɗɗa. Na mayar, na rufe akwatin, na bi bakin murfin da kakin zuma.

Kafin la'asar na kira Alhaji Sule. Sarkin Noma ya zo ya tsaya inda ya tsaya jiya. An yi ruwa da rana, iska cike take da laima, wanda ya yi mini daidai, don ina so a gwada a mummunan yanayi.

Na kunna ba tare da wayar tari ko ɗaya ba. Allura ta kwanta a farkon kore, shiru. Na murɗa daga ɗaya har sha biyu, ba ta motsa ba. Alhaji ya ce, "Ta yiwu kashe ta ka yi." Na ce a kawo angurya tafi biyu. Ɗaya na bar ta yadda take, ɗaya na yayyafa mata ruwa. Na soka tsinke a busasshiyar, kore. Na soka a jiƙaƙƙiyar, ja. Ya gyaɗa kai.

Na mayar da wayoyin tarin. Ɗaya, kore. Biyu, kore. Haka muka yi ta tafiya, leburori sun taru a taga suna ƙirgawa da ƙarfi. Takwas, kore. Na murɗa zuwa tara, sai allura ta tashi ta wuce rawaya ta shige ja ta zauna.

Na ci gaba da murɗawa. Goma, sha ɗaya, sha biyu, duka kore. Na dawo tara. Ja.

Alhaji ya ce, "Malam Haruna, saura haƙori ɗaya ba ka wanke ba?"

Na cire wayar tari na tara na ɗaura ta a lamba uku, na ɗaura ta ukun a lamba tara. Jan ya bi wayar ya koma uku. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan karon ba makunni ba ne. Tarin ne."

Sarkin Noma ya ce, "Na tara? Na dantse shi jiya. Lafiyarsa lau."

Na ce, "Baba, a sauke mu gani."

Leburori suka hau suka fara jefo buhuna. Layi na farko a bushe, na biyu a bushe. Tsohon yana tsaye ya harɗe hannu. Da aka kai layi na huɗu, wani lebura ya ɗaga buhu ya sake shi da sauri ya ce akwai zafi. Wari ya bugo mu. Buhunan tsakiya sun yi baƙi, angurya ta cure, wata har ta fara tsiro fari a cikin duhu. Muka ɗaga kai, sai ga wata 'yar ƙofar ƙusa a kwanon rufi, daidai saman tarin, haske na leƙowa ta ciki. Ruwa ya riƙa ɗiga yana bin tsakanin buhuna yana taruwa a ciki, na waje kuwa ko alama.

Sarkin Noma ya ɗebi ta tsakiyar ya murza a tafinsa, ya watsar. Ya zo har gaban teburina, ya dubi akwatin, ya ce, "To. Jiya ta yi ƙarya, yau ta faɗi abin da ban sani ba." Ya juya ga Alhaji ya ce, "Malam, a ba mu daga sauran, mu kama hanya da sassafe."

Aka soke tari na tara shi kaɗai. Sha ɗayan aka zuba musu magani aka fara rabo washegari, motocin da aka kira don kai iri injin mai su suka kai shi ƙauyuka.

Maganar da Alhaji ya ce za mu yi daga baya, mun yi ta. Ya sa na rubuta rahoto da hannuna, har da man liƙin masu bokiti, ba a rage komai ba. Ya haɗa da nasa ya aika. An ja mini kunne a rubuce, kuma ƙarin girman da nake sa rai a shekarar sai a ta gaba na samu. Amma a ƙasan rahoton nawa na jera abin da ya kamata a riƙa yi, shi kuma ya mai da shi dokar sito: kowace safiya, kafin a auna tari ko ɗaya, a cire wayoyi a ga allura ta kwanta tukuna.

Na yi shekara talatin da wani abu a wannan aiki bayan haka. Kwalba ta wuce, makunni mai juyawa ya wuce, yanzu naku ba ya ko motsi, a cikin ɗan baƙin dutse yake buɗewa yana rufewa. Amma ku duba takardar da ke zuwa da shi, za ku ga an rubuta yawan wutar da yake bari ta wuce ko yana rufe, kuma tana ƙaruwa in ya yi zafi. Babu makunnin da ke rufewa ruf. Saboda haka ku zaɓi wanda yoyonsa bai kai abin da kuke aunawa ba. Ku wanke allo bayan liƙi, ku raba hanyar babbar wuta da ta ƙarama, ku yi zoben tsaro, ku hana danshi shiga. Waɗannan kowa zai iya koya muku a mako ɗaya.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne wannan. Mutanen da ke jiran abin da allura za ta ce, yawancinsu ba za su taɓa ganin cikin akwatin ba. Shugabanka zai sa hannu a kan abin da ka rubuta, manomi zai koma gida da buhu ko ya koma hannu wofi, duk a kan wani ɗan tabo da kai kaɗai ka san yana nan. In wani wanda ya san aikinsa ya ce maka na'urarka ta yi kuskure, kada ka ji haushi, kada kuma ka yarda nan take. Ka je ka buɗe murfin.